Massimo Troisi: Ɗan wasan barkwancin Italiya da ya ɗage dashen zuciya don ya kammala fim, ya rasu washegari

Ranar Juma'a 3 ga watan Yunin 1994 aka ɗauki fitowa ta ƙarshe a fim ɗin Il Postino a birnin Rum. Washegari Asabar, jarumin fim ɗin, Massimo Troisi, ya kwanta hutawa a gidan 'yar'uwarsa da ke yankin Ostia, bai sake tashi ba. Shekarunsa 41.

Likitoci sun riga sun faɗa masa cewa zuciyarsa ta gaza, sai an yi masa dashen wata. Ya ce a jira sai ya gama fim. Bai ga fim ɗin a majigi ba, bai kuma san cewa zai kai sunansa jerin masu takarar kyautar Oscar ba.

Ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa

An haifi Troisi ranar 19 ga Fabrairun 1953 a San Giorgio a Cremano, wani gari da ke gefen birnin Napoli a kudancin Italiya. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, gidansu kuma cike yake da 'yan'uwa da kakanni da sauran dangi. Hayaniyar wannan gida da hirarrakinsa su ne ya riƙa kwasowa daga baya yana zubawa a wasanninsa.

Tun yana yaro wani zazzaɓi mai kama gaɓoɓi ya lalata masa ɗaya daga cikin ƙofofin da jini ke bi a zuciya. A 1976 aka kai shi Houston da ke Amurka aka yi masa tiyata, da kuɗin da abokai da jama'a suka yi karo-karo. Da wuya ya yi maganar ciwon a bainar jama'a, kuma bai daina buga ƙwallon ƙafa ba, wasan da yake matuƙar so.

Ya fara wasan kwaikwayo ne a wani ɗan ƙaramin dandali a garinsu. Shi da abokansa biyu, Lello Arena da Enzo Decaro, suka kafa ƙungiyar barkwanci mai suna La Smorfia. A 1977 suka fito a shirin Non Stop na gidan talabijin na ƙasa, RAI, daga nan Italiya ta san su.

Barkwancin mai kunya

An san masu barkwancin Napoli da ɗaga murya da wasa da hannu da wayon zance. Troisi ya bi wata hanya dabam. Yakan fito a matsayin saurayi mai kunya, mai in-ina, wanda zai fara magana ya kasa ƙarasawa, ya koma farko, ya rikice a gaban mace. Dariyar tana fitowa ne daga wannan kame-kame.

Ya kuma ƙi barin karin harshen garinsu. Karin Napoli ya bambanta da daidaitaccen Italiyanci har ta kai mutumin Milan zai iya kasa gane wasu jimloli. Lokacin da zai yi fim ɗinsa na farko an yi fargabar cewa 'yan arewacin ƙasar ba za su fahimce shi ba. Ya tsaya a kan bakansa.

Fim ɗin, Ricomincio da tre, ya fito a 1981. Shi ne darakta, shi ne jarumi, kuma shi ya rubuta labarin tare da Anna Pavignano. Ma'anar sunan ita ce "zan sake farawa daga uku": Gaetano, saurayin da ke cikin labarin, ya ƙi yarda ya fara rayuwa daga sifiri, domin a ganinsa abubuwa uku sun yi masa daidai a duniya, bai ga dalilin zubar da su ba.

Gaetano ya bar Napoli zuwa Florence. Duk wanda ya ji daga inda ya fito sai ya ɗauka ɗan ci-rani ne, shi kuma ya yi ta bayanin cewa yawon buɗe ido ya fito. Wannan raha ta taɓa wani tsohon miki, domin shekaru da dama 'yan kudancin Italiya na kwarara arewa neman aiki a masana'antu, ana kuma yi musu kallon raini.

Fim ɗin ya shiga sahun waɗanda suka fi kawo kuɗi a Italiya a wannan kaka, ya kuma ci kyautar David di Donatello, babbar kyautar finafinan ƙasar, a rukunin fim mafi kyau da jarumi mafi ƙwarewa.

Shi da Benigni da Mastroianni

Bayan Scusate il ritardo na 1983, ya haɗa kai da Roberto Benigni a 1984 suka ba da umarni tare, suka kuma fito tare a Non ci resta che piangere. Labarin wani malamin makaranta ne da ma'aikacin makarantar da suka tsinci kansu a shekarar 1492, har suka kama hanyar Sifaniya don su hana Christopher Columbus tafiyar da ta kai shi nahiyar Amurka. Har yau 'yan Italiya na maimaita barkwancin fim ɗin a hira.

Daga nan ya yi aiki a ƙarƙashin darakta Ettore Scola a finafinai uku. A ɗaya daga ciki, Che ora è na 1989, ya fito a matsayin ɗan Marcello Mastroianni, uba da ɗa da suka yi wuni guda tare suna ƙoƙarin fahimtar juna. Su biyun suka raba kyautar jarumi mafi ƙwarewa a bikin finafinai na Venice a wannan shekara.

Abokinsa mawaƙi Pino Daniele, shi ma ɗan Napoli, shi ya yi kiɗan wasu finafinansa, ciki har da na ƙarshe da ya ba da umarni shi kaɗai a 1991.

Mai raba wasiƙu da mawaƙi

Troisi ya karanta littafin Ardiente paciencia na marubucin ƙasar Chile, Antonio Skármeta, ya kamu da sonsa, ya nemi izinin mayar da shi fim. Ya gayyaci daraktan Birtaniya Michael Radford ya jagoranci aikin. Aka ɗauko labarin daga Chile aka dawo da shi wani tsibiri na Italiya a farkon shekarun 1950, lokacin da mawaƙi Pablo Neruda ya yi zaman gudun hijira a ƙasar.

Troisi ya fito a matsayin Mario Ruoppolo, ɗan masunci da ba ya son kamun kifi. Ya samu aikin kai wasiƙu a kan keke, kuma mutum ɗaya tak yake kai wa, wato Neruda, wanda ɗan Faransa Philippe Noiret ya fito a matsayinsa. Mario ya riƙa tambayar mawaƙin yadda ake siffanta abu da wani abu a waƙa, domin ya samu kalmomin da zai shawo kan Beatrice, wata budurwa mai aiki a gidan abinci.

Kafin a fara ɗauka, ya koma Houston a duba shi a 1993, inda aka sake yi masa aiki, jikinsa kuma ya ƙara rauni. An ruwaito cewa ya gaya wa na kusa da shi cewa yana so ya yi wannan fim da zuciyarsa ta asali.

An yi ɗaukar a tsibiran Procida da Salina da kuma ɗakunan ɗaukar fim na Cinecittà. Ƙarfinsa bai wuce na ɗan lokaci kaɗan a rana ba, don haka aka tsara komai a kan hakan. Yawancin wuraren da ake ganin Mario daga nesa yana tuƙa keke a hawan dutse, wani mai kama da shi ne, Gerardo Ferrara. Ramar da ke fuskar Mario da sanyin muryarsa kuwa ba kwaikwayo ba ne.

A ƙarshen labarin, Neruda ya dawo tsibirin bayan shekaru ya tarar Mario ya mutu a wani gangamin siyasa, ya bar mata da ɗa, da faifan da ya naɗa masa na ƙarar igiyar ruwa da iska da ƙararrawar coci. Masu kallo a bikin Venice na watan Satumban 1994 sun ga wannan fitowa watanni uku bayan an binne wanda ya taka rawar.

Bayan rasuwarsa

A bikin Oscar na 1996 fim ɗin ya shiga takara a rukuni biyar, ciki har da fim mafi kyau, abin da ba kasafai fim ɗin da ba na Turanci ba ke samu ba. An sa sunan Troisi a takarar jarumi mafi ƙwarewa da kuma ta rubutun labari. Nicolas Cage ne ya ci ta jarumi, amma Luis Bacalov ya lashe ta kiɗan fim.

A 2023, shekarar da zai cika 70 da yana raye, darakta Mario Martone ya fitar da fim na tarihin rayuwarsa, Jami'ar Federico II ta Napoli kuma ta ba shi digirin girmamawa. A Procida, gaɓar tekun da aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin, mutane na kiranta gaɓar mai raba wasiƙu, kuma baƙi na zuwa ganinta duk lokacin zafi.