Abincin Tsuntsu, Rabon Kurege

Mutum fiye da miliyan 50 ne a Amurka ke zuba wa tsuntsayen daji abinci a harabar gidajensu, don sha'awa kawai. Mai gida zai sayi buhun tsaba, ya cika wani dogon mazubi mai ƙananan ƙofofi, ya rataye shi a lambu, ya koma ɗaki yana kallo ta taga, musamman da hunturu idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Biliyoyin daloli ke tafiya a wannan harka duk shekara. Sai dai kaso mai tsoka na tsabar ba ya ganin cikin tsuntsu, kurege ke wawushe shi.

Ba irin kuregen nan da ke tonon gyaɗa a gonakin ƙasar Hausa ya faɗa rami ba ne. Wannan toka-toka ne, a kan bishiya yake rayuwa, nauyinsa wajen rabin kilo. Idon sawun ƙafafunsa na baya yana iya juyawa ya fuskanci baya, shi ya sa yake saukowa daga bishiya kai a ƙasa, ko ya maƙale da ƙafa biyu yana lilo, hannuwansa na kwasar tsaba. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, don haka mazubin roba ko na katako bai fi ƙarfinsa ba. Idan ƙofar ta yi masa kaɗan, sai ya gwigwiye ta ta faɗaɗa.

Mutane ne ma suka gayyato shi gari. A 1847 aka saki kuregu a wani dandali na birnin Filadelfiya don ƙawata wurin, wasu birane suka bi sahu. A 1876 aka kai shi Ingila, inda ya yaɗu har ya kusa kore jan kuregen ƙasar.

A 2021 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa gwajin da suka yi wa kuregun harabar jami'ar. Sun sa musu gyaɗa a nesa, suna canza tazara da laushin reshen da za su yi tsalle daga kansa. Ko ɗaya bai faɗo ba. Wanda ya kuskure sai ya cafke da hannu ya juya ya haye, wasu kuma suka riƙa dukan bango da ƙafa su ƙara nisa. Shekara guda kafin nan, Mark Rober, tsohon injiniyan hukumar NASA, ya gina musu hanya mai cike da tarnaƙi a gidansa, ya ɗauka a bidiyo ya sa a YouTube. Suka bi ta daki-daki har suka kai ga ladan da ya ajiye musu a ƙarshenta.

To, me ke aiki? Awo, kafin komai. Masu wannan sha'awa suna da ƙa'idar da suke kira 5-7-9: mazubi ya yi sama da ƙafa 5 daga ƙasa, ya nisanci bishiya ko katanga da fiye da ƙafa 7, kuma kada a sami reshe ko rufin da bai kai ƙafa 9 a samansa ba. Wasu na ganin ƙafa 7 ta yi kaɗan, gara 10. Sannan a ɗora mazubin a kan sandar ƙarfe, a sanya mata wani faifan ƙarfe mai siffar mazurari a kife. Kurege zai hau sandar da ƙarfinsa, ya sami kansa a cikin mazurarin, ya leƙa nan ya leƙa can, ya sauko. Wannan dabara ba ta da tsada, kuma ita ce ta fi riƙe amana. Yawancin masu kukan cewa faifan bai yi ba, idan aka duba, sun kafa sandar ne dab da shinge.

Kamfanoni kuma sun sami kasuwa. Akwai mazubi mai sifirin irin Squirrel Buster: tsuntsu mai giram 30 ya sauka ya ci, kurege ya taka, nauyinsa ya ja murfi ya rufe ƙofofin. Akwai Yankee Flipper mai batir, wanda matakinsa ke fara juyawa da zarar ya ji nauyi har ya wurgar da ɓarawon. Abin dariya ne a kallo, amma batir na ƙarewa, kurege kuwa yana da haƙurin jira.

Sai barkono. Tsuntsaye ba sa jin yajinsa, dabbobi masu shayarwa ne ke ji, don haka ake sayar da tsabar da aka cuɗa da shi. Yana rage ɓarna, kodayake yunwa kan sa wani kuregen ya daure, kuma garin na iya shiga idon mai zubawa. Canza abinci ma na taimakawa. Gyaɗa da 'ya'yan sanfulawa su ne abin sonsa, amma bai damu da wata siririyar baƙar tsaba mai suna Nyjer ba, wadda ake kaiwa daga Habasha da Indiya.

Abin da masana ke hanawa shi ne shafa wa sanda giris ko basilin. Yana ɓata gashin tsuntsu ya hana shi riƙe ɗumi, abin da kan kashe shi cikin sanyi. Guba kuwa ba ta zaɓen wanda za ta ci, har kyanwar maƙwabci.

Tarko ma bai cika raba gardama ba, domin a ɗauke ɗaya, wani ya gaji wurin cikin 'yan kwanaki. A Birtaniya ma doka ta haramta sakin kurege mai toka idan ya shiga tarko, dole a kashe shi ba tare da azabtarwa ba. Saboda haka masu gida da yawa kan zaɓi sulhu: su share tsabar da ta zube a ƙasa, su ajiye wa kuregen goyon masara a can ƙarshen lambu, nesa da mazubin.