Ƙarar gayya: Yadda lauyoyi suka ƙwato wa ma'aikata 64,000 diyya daga manyan kamfanonin Amurka

A watan Maris na 2007, wata jami'ar ɗaukar ma'aikata ta kamfanin Google ta tuntuɓi wani injiniyan Apple da tayin aiki. Da labarin ya kai kunnen shugaban Apple, Steve Jobs, sai ya aike wa takwaransa na Google, Eric Schmidt, saƙon imel yana neman a daina. Ba a jima ba aka sallami jami'ar daga aiki. Laifinta shi ne ta karya wata yarjejeniyar sirri da ke tsakanin kamfanonin, wadda ta hana kowannensu zawarcin ma'aikatan ɗan'uwansa.

Kamfanoni bakwai aka zarga da irin wannan haɗin baki tsakanin 2005 da 2009: Apple, Google, Intel, Adobe, Intuit, Pixar da Lucasfilm. Illar ba ɓoyayyiya ba ce. Ma'aikacin da babu mai zawarcinsa ba shi da abin da zai riƙe ya nemi ƙarin albashi, mai gidansa kuma ba ya fargabar rasa shi.

Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta binciki lamarin, kuma a 2010 ta yi sulhu da kamfanonin. Sun amince su daina, amma ba a ci su tara ba, kuma ko sisi bai shiga aljihun ma'aikatan ba. Da a nan maganar ta tsaya, da an yi ba a yi ba.

Sai dai dokar Amurka ta bar wata ƙofa a buɗe. Dokar Sherman ta 1890 ce ta haramta haɗa baki da babakere a kasuwa, sannan sashe na 4 na Dokar Clayton ta 1914 ya bai wa duk wanda aka cuta damar shigar da ƙara da kansa, ya karɓi ninki uku na asarar da ya yi, tare da kuɗin lauyansa. Wani gyara da aka yi wa ƙa'idojin kotunan tarayya a 1966 kuma ya sauƙaƙa wa mutane kaɗan su tsaya a madadin dubbai masu koke iri ɗaya. Wannan ita ce ƙarar gayya.

Ta wannan ƙofa ce wasu injiniyoyi ƙalilan suka shigar da ƙara a 2011, aka haɗa shari'ar a gaban Mai shari'a Lucy Koh ta kotun tarayya da ke San Jose a jihar Kalifoniya. Babu injiniyan da zai iya ja da Apple ko Google da kuɗin aljihunsa. Lauyoyin ne suka ɗauki ɗawainiyar shari'ar bisa sharaɗin cewa idan an yi nasara su sami kaso, idan kuwa an faɗi, wahalarsu ta shekaru ta bi ruwa. Su ne suka tilasta wa kamfanonin miƙa takardunsu na cikin gida, inda saƙonnin shugabannin suka fito fili.

Amma saƙonni kaɗai ba su isa ba. Kafin kotu ta amince a yi shari'ar mutum dubbai a dunƙule, dole a nuna cewa cutarwar ta shafe su gaba ɗaya, ba ɗaiɗaiku ba. A nan masana tattalin arziki suka shigo. Masu ƙara sun ɗauko Farfesa Edward Leamer na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, kamfanonin kuma suka ɗauko Farfesa Kevin Murphy na Jami'ar Chicago. Hujjar Leamer ita ce, kamfani yakan daidaita albashin ma'aikatan da ke mataki ɗaya, don haka idan aka danne albashin waɗanda ake zawarci, an danne na sauran ke nan. Duk wanda ya san tsarin matakan albashi a aikin gwamnati zai gane wannan lissafi. Da farko kotu ba ta gamsu ba, sai da aka ƙaro hujjoji, sannan a watan Oktoban 2013 ta amince da ƙarar a madadin ma'aikata kimanin 64,000.

Masu ƙara sun ƙiyasta asarar da kimanin dala biliyan 3, wadda doka za ta iya ninkawa zuwa biliyan 9. Intuit, Pixar da Lucasfilm sun riga sun yi sulhu a kan dala miliyan 20. A 2014 sauran huɗun suka yi tayin dala miliyan 324.5, lauyoyin ma'aikata kuma suka amince.

A nan ne raunin tsarin ya bayyana. Lauyan da ya shekara uku yana kashe kuɗinsa yana da dalilin son a rufe magana da wuri, ko da waɗanda yake wakilta sun cancanci fiye da haka. Ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka shigar da ƙarar ya rubuta wa kotu cewa bai yarda ba. A watan Agustan 2014 Mai shari'a Koh ta yi watsi da sulhun, tana mai cewa idan aka auna da na farko, bai kamata ya gaza dala miliyan 380 ba. Kamfanonin suka ƙara zuwa miliyan 415, kotu ta amince a watan Satumban 2015. Ba ta tsaya nan ba: lauyoyin sun nemi kimanin dala miliyan 81 a matsayin ladansu, ta rage shi zuwa kusan rabi. Abin da kowane ma'aikaci ya samu, a matsakaicin lissafi, bai kai dala 6,000 ba, kuma kamfanonin ba su amsa laifi ba.

Masu suka na cewa wannan bai taka kara ya karya ba idan aka dubi dukiyar kamfanonin. Masu goyon baya kuma na tunatar da cewa binciken gwamnati bai samar wa ma'aikatan komai ba.

Ga masu tsara dokoki a Abuja, batun ba na nesa ba ne. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC da kotu ta musamman, ta kuma ɗora kaso mafi tsoka na aikin a wuyan hukumar. Shari'ar San Jose ta nuna cewa tsawatar wa mai laifi daban, mayar wa wanda aka cuta haƙƙinsa daban. Na biyun ya buƙaci lauyoyin da suka yi kasada da kuɗinsu, da masanan da suka auna asarar, da kuma alƙaliyar da ta sa ido a kan lauyoyin kansu.