Ba Kullum Gas Ne Ke Ƙarewa Ba

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Zariya ke kusantar digiri 40, ƙanƙara kuɗi ce. Daga Hayin Dogo a Samaru har kasuwar Sabon Gari, akwai gidajen da kuɗin makarantar yara daga cikin firiza ko injin ƙanƙara yake fitowa. Ranar da ruwa ya kwana bai daskare ba, an yi asara.

Mun saba jin hukunci ɗaya: "Gas ya ƙare." Amma gas ɗin firji ba kalanzir ba ne, ba ƙonewa yake yi ba. Zagaye yake a cikin bututu rufaffe, sai bututun ya huje yake raguwa. Sau da yawa mai laifin wani ɗan abu ne da bai wuce ƙwayar wake ba, wato ma'aunin sanyi, wanda masu gyara ke kira tamista.

Aikinsa shi ne ya sanar da ƙwaƙwalwar injin yadda sanyi yake. Idan ya ɗumama, wuta na ratsa shi cikin sauƙi, idan ya yi sanyi sai ya ƙara turjiya. Michael Faraday na Ingila ya lura da wannan hali a wani sinadarin azurfa tun 1833, kuma darasin turjiya ne dai da kuke yi a ajin Fiziks. Idan wayarsa ta tsinke, injin kan ɗauka sanyi ya kai, sai kwamfuresa ta tsaya alhali ruwa na nan ruwa. Idan kuwa wayoyinsa biyu suka haɗe, sai injin ya ɗauka zafi ake, ya yi ta aiki ba hutu.

Gwajin ba wuya, amma a cire soket tukuna, kuma a yi shi tare da babba. A duba ko ma'aunin ya zame daga mazauninsa ko tsatsa ta ci mahaɗinsa, domin wani lokaci gyaran bai wuce nan ba. Sannan a cire shi a sa masa mitar gwajin wuta. Irin wanda aka fi samu yana nuna om 10,000 a digiri 25. A tsoma kansa cikin kofin ruwa mai ƙanƙara, lambar za ta haura zuwa wajen 30,000; a damƙe shi a tafin hannu, za ta sauko. Idan lambar ta ƙi motsi, ya mutu. A je shago da tsohon a hannu, don ba duka ne lambarsu ɗaya ba.

Tsofaffin firiza masu maɓallin murɗawa ba su da tamista, siririn bututu ne ke jin sanyin, don haka wannan gwajin bai shafe su ba. Kada kuma a ɓanɓare ƙanƙara da wuƙa: gas ɗin R600a da ke cikin yawancin sababbin firji yana kama wuta.