Takardar Talla: Yadda Ƙaramar Sana'a Ke Kiran Mai Saye

Talla daɗaɗɗiyar aba ce a kasuwancin Hausawa, domin tun kafin zuwan injin ɗab'i mai kaya ya san cewa hajar da ba a ji labarinta ba takan yi kwantai a hannun mai ita, shi ya sa aka sami 'yan talla masu bin unguwa-unguwa da kaya a ka, da dillalai masu haɗa mai saye da mai sayarwa, da sanƙira mai shela a gidan biki. Takardar talla, wato 'yar takarda mai shafi ɗaya ko biyu da ake bugawa da yawa a rarraba wa jama'a hannu da hannu, jikanyar wannan al'ada ce, sai dai ita ba ta da murya, kuma ba ta iya tsayar da mai wucewa ta yi masa ƙarin bayani. Duk abin da za ta faɗa dole ta faɗe shi a ɗan lokacin da ido ya sauka a kanta, kafin mai riƙe da ita ya yanke shawarar sa ta a aljihu ko yar da ita. Daga wannan ƙarancin lokaci ne duk ƙa'idojin tsara ta suka samo asali, kuma tela da mai gyaran waya da mai abincin sayarwa, waɗanda ba su da kuɗin talla a rediyo ko talabijin, su suka fi kowa bukatar sanin waɗannan ƙa'idoji, tunda kowace takarda da aka yar daga jarinsu ta fita.

Saƙo ɗaya ga mutum ɗaya

Kuskuren da ya fi yawa a takardun talla shi ne cunkoso, inda mai shago zai so ya lissafa duk abin da yake sayarwa, tun daga shadda da atamfa har zuwa turare da takalma, yana ganin cewa tunda ya biya kuɗin takarda bai kamata a bar ko da kusurwa ɗaya babu rubutu ba. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma idon da aka nuna wa abu goma a lokaci guda ba ya riƙe ko ɗaya. Saboda haka aikin farko, tun kafin a kunna kwamfuta, shi ne mai sana'a ya amsa wa kansa tambayoyi uku: wane ne ake son ya karanta takardar, mene ne abu ɗaya da ake son ya sani, kuma me ake son ya yi bayan ya karanta. Telan da ke neman ɗinkin sallah, alal misali, yana magana ne da magidanci ko uwargida da ke tsoron a riƙe musu kaya har safiyar idi, don haka abin da ya kamata ya ɗauki babban gurbi a takardarsa shi ne ranar da zai rufe karɓar ɗinki da kuma alƙawarin ranar bayarwa.

Masana harkar talla suna da wani tsohon tsari mai matakai huɗu da ake kira AIDA, wanda galibi ake danganta shi da Ba'amurken nan Elias St. Elmo Lewis a ƙarshen ƙarni na 19. Tsarin yana nuna cewa talla takan fara da jawo hankali, sannan ta sa mutum ya so ƙarin bayani, daga nan ta sa masa sha'awar abin, a ƙarshe kuma ta kai shi ga ɗaukar mataki. A kan takarda, kanun magana da hoto su ke jawo hankali, 'yan layukan bayani su ke riƙe mai karatu, farashi ko rangwame shi ke sa sha'awa, lambar waya da kwatancen shago kuma su ke buɗe hanyar zuwa.

Tsarin abin da ido zai gani

Masu zane suna amfani da wata ƙa'ida ta fifiko, wadda ke nufin a bambanta girman rubutu gwargwadon muhimmancinsa, ta yadda ido zai fara sauka a kan abin da ya fi muhimmanci ba tare da an ce masa ga inda zai duba ba. Kanun magana ya kamata su kasance gajeru kuma manya, su faɗi amfanin da mai saye zai samu, domin sunan shago kaɗai ba ya gaya wa baƙo komai. Layi irin na "Gyaran waya a yini ɗaya" ya fi tsayar da mutum a kan sunan da bai taɓa ji ba. Nau'in haruffa biyu sun wadatar, ɗaya na kanu ɗaya na bayani, haka kuma launi biyu ko uku, tare da kula da cewa rubutu ya fita sarai daga launin da ke bayansa, kamar baƙi a kan fari ko a kan rawaya. Jan rubutu a kan kore, ko rubutu a kan hoto mai tarkace, yana wahalar da ido, musamman ga dattawa da masu karatu da hasken yamma. Filin da aka bari babu komai a gefuna da tsakanin sassa yana da nasa aikin, domin shi ke raba magana da magana.

Game da hoto kuwa, gani ya kori ji, amma hoton da ya fi amfani shi ne na ainihin kayan mai sana'a, wanda aka ɗauka da hasken rana a wuri mai tsabta, tunda hoton da aka kwaso daga intanet yana iya zama mallakar wani, kuma yakan sa mai saye tsammanin abin da ba shi zai tarar ba. Lambar waya ta Nijeriya, mai alƙaluma 11, ta fi sauƙin karantawa idan aka raba ta kashi-kashi, kuma lamba ɗaya ko biyu da ake ɗagawa sun fi jerin lambobi huɗu da rabinsu a kashe suke. Kwatance ma sai an yi shi yadda mutane ke yi da baki, domin a manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano, sunan layi ko gida da lambar shago da wata sananniyar alama ta kusa su ke kai mutum, sunan kasuwa kaɗai ba ya isa.

Harshe da haruffa

Zaɓen harshe ya dogara ne da wanda ake nema. Takardar da za a raba a ƙofar jami'a tana iya tafiya da Ingilishi, amma wadda za ta shiga gidaje da majalisun unguwa Hausa ce ta fi dacewa da ita, kuma a wasu wurare layi ɗaya na ajami yana isar da saƙo ga mutane da yawa da suka yi karatun allo, waɗanda boko bai kama su sosai ba. Inda aka zaɓi Hausar boko, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna bukatar kulawa ta musamman, domin barin lanƙwasa yana sauya ma'ana, kamar yadda "baƙi" ya bambanta da "baki", "ƙara" kuma ya bambanta da "kara". Yawancin haruffan ado da ke cikin manhajojin zane ba su ɗauke da waɗannan baƙaƙe, sai su fito da ɗan akwati a gurbinsu ko su aro harafi daga wani nau'i daban, alhali nau'o'i irin su Noto da Charis SIL da Andika suna ɗauke da su cikakku. A Nijar, inda ake rubuta ƴ a maimakon 'y, akwai ƙarin dalilin rubuta farashi da alƙaluma tare da sunan kuɗi, saboda a bakin 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram ana ƙirga kuɗi ne da dala, wadda take daidai da tamma biyar ta sefa, don haka adadin da aka faɗa da kalmomi yana iya rikita baƙo.

Daga allon kwamfuta zuwa maɗaba'a

Girman da aka fi amfani da shi shi ne A5, mai milimita 148 a faɗi da 210 a tsawo, wanda yake rabin takardar A4 ta ofis, sai kuma A6, mai milimita 105 da 148, wanda ke shiga aljihu ba tare da an ninke shi ba, kuma huɗunsa ke fita daga A4 guda. Kaurin takarda ana auna shi ne da nauyin giram a kowane murabba'in mita. Takardar ofis tana da giram 80, ita kuwa takardar talla mai sheƙi takan kama daga kusan 115 zuwa 170, kuma kaurinta yana daga cikin abin da hannu ke fara ji kafin ido ya karanta komai.

Masu zane da yawa a shagunan ɗab'i na Nijeriya suna aiki da CorelDRAW, masu sana'a kuma suna iya tsara tasu a waya da Canva, amma ko da wace manhaja aka yi aiki akwai abubuwa uku da ke ɓata bugu idan aka manta da su. Na farko shi ne launi: allon waya da na kwamfuta suna haɗa launi ne da haske ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB, shi kuwa injin ɗab'i yana haɗa tawada huɗu, wato shuɗi mai haske da ja mai ratsin shunayya da rawaya da baƙi, tsarin da ake kira CMYK, shi ya sa launin da ya yi ƙyalli a allo yakan dusashe a takarda idan ba a juya shi tun farko ba. Na biyu shi ne ƙarfin hoto, wanda ake so ya kai ɗigo 300 a kowane inci, kuma hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yakan rage ƙarfi, don haka ya fi kyau a tura shi a matsayin fayil. Na uku shi ne rarar gefe, wato a bar launin bango ya zarce iyakar takarda da kamar milimita 3, a kuma janye rubutu daga baki, domin wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai a kowane lokaci. Wajibi ne a nemi samfuri guda a karanta shi da natsuwa, a kira lambar wayar da ke jiki, kafin a ba da izinin buga sauran, saboda alƙalami ɗaya da ya kauce yana iya mayar da bugu dubu takardar ƙunshin ƙosai.

Gaskiya, doka da mutunci

Alƙawari kaya ne, kuma wanda aka rubuta ya fi na baki nauyi, tunda mai saye yana iya zuwa da takardar a hannunsa. Rangwamen da aka ambata dole a bayyana ranar ƙarewarsa, kuma a lokacin da farashi ke saurin sauyawa ya fi aminci a buga kaɗan-kaɗan ko a rubuta wa'adin farashin. A Nijeriya hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ita ke sa ido a kan harkar talla, hukumar NAFDAC kuma, wadda aka kafa a 1993, tana bukatar a nemi izininta kafin a tallata magani, har da na gargajiya, abin da ya kamata masu rubuta cewa maganinsu yana warkar da kowace cuta su yi la'akari da shi. Akwai kuma wani ladabi da ya shafi al'ummar Musulmi kai tsaye: tunda takardar talla takan ƙare a ƙasa ko a bola, bai dace a rubuta ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a jikinta ba, haka nan ba a sa hoton wani mutum sai da yardarsa.

Rabawa da aunawa

Takardar da aka tsara da kyau tana iya tashi a banza idan aka raba ta inda masu bukata ba sa bi. Mai sayar da kayan makaranta ya fi cin riba a makonnin da ke gaban komawa karatu a watan Satumba, mai kayan shan ruwa a ƙarshen Sha'aban, mai kayan ɗaki kuma a lokutan da bukukuwan aure ke yawaita, kuma takarda ɗaya da aka miƙa da sallama ta fi goma da aka watsa ta tagar mota. Sanya ta cikin ledar wanda ya riga ya yi sayayya hanya ce mai arha, domin shi ne zai kai ta gida inda wasu za su gani. Zanen kuma yana iya yin aiki na biyu a WhatsApp da Facebook, muddin aka sake daidaita girmansa da fuskar waya.

Abu na ƙarshe da masu ƙananan sana'o'i suka fi sakaci da shi shi ne lissafi. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi kowane sabon mai saye inda ya sami labari, ko a rubuta a takardar cewa wanda ya zo da ita yana da ragi, sannan a ajiye waɗanda suka dawo a ƙirga su a ƙarshen wata. Idan aka kwatanta ribar da suka kawo da kuɗin zane da bugu da rabawa, mai sana'a zai san unguwar da ta amsa da wadda ba ta amsa ba, da kanun da suka ja mutane da waɗanda aka wuce, kuma da wannan sani ne zai shiga maɗaba'a a karo na gaba.