Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa a Arewacin Afirka aka yi babbar muhawarar da ta daidaita koyarwar Kiristocin Yamma kan dalilin da ya sa ɗan Adam ke buƙatar Mai Ceto?

A farkon ƙarni na 5, wani malami ɗan Birtaniya mai suna Felajiyus ya koyar da cewa ba a haihuwar mutum da zunubin Adamu, kuma yana iya bin umarnin Allah da ƙoƙarin kansa. Nufinsa mai kyau ne, domin sakacin masu bi ne ya dame shi. Amma Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya ce sam. Ya kafa hujja da sura ta 5 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa: zunubi da mutuwa sun shigo duniya ta mutum ɗaya, ceto ma ta mutum ɗaya ya zo, wato Yesu Almasihu. A ganinsa, nufin ɗan Adam kansa ya kamu da ciwo, marar lafiya kuwa likita yake nema. Sai alherin Allah ya fara aiki a zuciya kafin mutum ya iya juyowa. Wannan tushe ne mai nauyi, domin a kansa ma'anar gicciye ta dogara.

A shekarar 418, majalisar bishop-bishop da ta zauna a Kartaj, kusa da Tunis ta yau, ta yi watsi da koyarwar Felajiyus.