Kunun zaƙi da burkutu: tsiro ɗaya, hanya biyu

Da zafin bazara ya kama a Damagaram, a watannin Afrilu da Mayu da ma'aunin zafi kan haura 40, mata da yawa a Birni da Zango sukan shiga sana'ar kunun zaƙi. Jarin ba shi da yawa: tiya biyu ta hatsi, ɗan kayan yaji da itace. Sai dai sabuwar shiga takan yi asara tun a makon farko, ko kunun ya ƙi zaƙi, ko ya wayi gari yana kumfa. Dalili kuwa shi ne, kunun zaƙi da giyar dawa daga tushe ɗaya suke fitowa, watau tsiro.

Idan aka jiƙa ƙwayar dawa ko ta hatsi ta fara tsirowa, takan fitar da wani sinadari mai narkar da garin da ke cikinta ya koma sukari. Wannan ne asalin zaƙin kunu tun kafin sukarin kanti ya wadata. Shi ne kuma abin da masu dafa burkutu ke nema. Su jar dawa suke so, su dafa ruwan tsironta na tsawon sa'o'i, su zuba masa ƙwayar yis daga tsohuwar tukunya, su bar shi ya tashi har sukarin ya zama barasa. A Burkina Faso da Mali ana ce mata dolo, a Gana pito. A ƙasar Hausa Anna, masu bin addinin gargajiya, su ne aka sani da dafa ta don bukukuwansu. A birnin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, inda Musulunci ya daɗe da kafuwa, kunu da fura ne abin tarbon baƙo.

Aikin yana farawa ne a kasuwa. Ranar Alhamis a Kasuwar Dole ana samun hatsi da dawa daga Mirya, Magarya da Matamaye. Ana neman ƙwayar bana, cikakkiya, wadda ƙwaro bai huda ba, domin matacciyar ƙwaya ba ta tsirowa. Gwajin mai sauƙi ne: a nannaɗe ƙwaya 100 cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, a duba bayan kwana 3, in mafi yawansu ba su tsira ba, a sake mai awo. Irin shuka da aka gauraya da maganin ƙwari, wanda galibi akan rina shi ja, guba ne, ba ya shiga tukunya. Haka ma ƙwaya mai warin rima ko fumfuna, domin dafinta hanta yake kamawa, tafasa kuma ba ta kashe shi. Citta, wadda mafi yawanta daga kudancin Kaduna take zuwa, da kanumfari da masoro, gara a saye su ɗungum a daka a gida.

Ana jiƙa ƙwayar dare ɗaya, a tsane ta, a baza a kan buhu a inuwa, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 3 ko 4, sannan a shanya ta bushe ƙayau. A nan akwai matakin da ba a tsallakewa. Makiyaya sun san gyauron dawa yana kashe saniya. Dafin nan kuwa yana taruwa cikin saiwa da tohon tsiron dawa. Saboda haka sai an murje su, an sheƙe, kafin a kai niƙa.

Ƙullun da aka markaɗa da kayan yaji ana raba shi biyu. Kaso mafi yawa a dama shi da tafasasshen ruwa, a bar shi ya huce har yatsa ya iya jurewa, sannan a zuba ɗanyen kason tare da garin tsiro. In aka zuba da zafi, sinadarin ya mutu, kunun ya zauna da kauri ba zaƙi. In an dace, kafin asuba ya tsinke, sai tacewa.

Daga nan lokaci ne alƙali. A zafin Damagaram, kunun da ba a sa a ƙanƙara ba da wuya ya kwana lafiya. Yis na cikin iska da jikin ƙwarya, ba ya jiran a gayyace shi. Kumfa, kumburin jarka da wari mai hawa hanci, alamu ne cewa kunu ya kama hanyar burkutu, hukuncin malamai kan abin da ke sa maye kuwa sananne ne. Shi ya sa tsofaffin hannu ke dama abin da za su iya sayarwa a yini ɗaya kawai, su wanke ƙwarya da mataci da ruwan zafi, ba sa kuma juye sauran jiya cikin na yau.