Yadda Muryar Malam Abubakar Ta Komo Mana Cikin Waya

Jama'ar wannan kwaleji, malamai da ɗalibai, na tabbata babu wanda bai taɓa cin karo da wani tsohon hoto mai motsi cikin wayarsa ba, irin waɗanda a kan turo ta Facebook ko WhatsApp ko TikTok. A nan Bauchi akwai wanda ba ya gajiya da yawo, watau na marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, cikin babbar riga, yana jawabi da Turanci da muryar nan tasa da aka yi wa kirari da zinariya. Mukan kalla, mu ce Allah ya ji ƙan maza, mu tura wa na gaba. Abin da na ke so in bayyana shi ne inda waɗannan hotuna suka kwana shekara hamsin da ɗoriya, da yadda aka yi suka faɗo hannunmu. Mu da za mu tsaya gaban yara ya kamata mu san asalin abin da za mu nuna musu.

Da fari dai, ba waya ce ta ɗauke su ba. A zamanin da aka ɗauke su, sai an zo da babbar kyamara, a ɗauki hoton bisa wani dogon zare mai faɗi, a naɗe shi, a rufe cikin gwangwani. Dattawanmu sun san irinsa, don shi ne motar majigi ta kan zo da shi, a kafa farin ƙyalle a fili bayan sallar lisha, gari ya taru. Kamfanonin labarai na Ingila su suka ɗauki da yawa daga cikin hotunan ƙasarmu na lokacin, suka adana. To, a watan Afrilu na 2014 sai ɗaya daga cikinsu, British Pathé, ya zuba fina-finansa wajen 85,000 a YouTube, kowa ya kalla kyauta. A 2015 kuma Associated Press da British Movietone suka bi sahu. Daga irin waɗannan rumbuna ne samari su kan yanko guntaye su watsa. Hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da bikin samun mulkin kai na ran 1 ga Oktoba 1960 a filin sukuwa na Ikko, duk ta irin wannan hanya suka komo mana. Haka kuma jawabin da Malam Abubakar ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya ran 7 ga Oktoba 1960, ranar da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta, da ziyarar da ya kai Amurka a watan Yuli na 1961, inda Shugaba Kennedy ya karɓe shi, waɗanda suka ɗauka ba su yar ba.

Ku lura da wannan: abin da muke samu a intanet shi ne abin da wani ya ga dama ya ɗauka, wani kuma ya yi ɗawainiyar ajiyewa. Shi ya sa za ka sami dawakai da sarakuna da manyan baƙi har ka gaji, amma ka sha wuya kafin ka ga malamin elementare yana koyar da lissafi, ko mata suna rini, ko maƙeri a bakin zuga. Mai kyamara baƙo ne, abin da ya burge shi ya ɗauka.

Amma labarin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na fim ɗin Shaihu Umar, don ya shafe mu ta fuska biyu, ta garinmu da ta sana'armu. Malam Abubakar malamin makaranta ne kafin ya zama kome. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya komo ya kama koyarwa a Midil ta Bauchi. A shekarar 1933 ɗin nan ne Dokta Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya nemi malamai su rubuta labarai da Hausa. Cikin littattafan da suka fito daga wannan gasa akwai Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na malaminmu na Bauchi, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ku ɗalibai da ke cewa sai kun tsufa za ku yi rubutu, ga shekarun wani nan.

Wanda bai karanta littafin ba, ga shi a taƙaice. Wani shaihin malami ne a garin Rauta, nan kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa. Sai ya ba su labarin yadda aka sace shi yana yaro, har ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetara Sahara da shi zuwa ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Uwarsa kuwa ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar. A ganina wahalar uwar nan ita ce zuciyar littafin, kuma ba na jin akwai wani darasin tarihi kan cinikin bayi da zai shiga ran yaro kamar yadda labarinta zai shiga. Mervyn Hiskett ya juya shi zuwa Turanci a 1967. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo. Sa'an nan a 1976, shekara goma bayan kashe marubucin a juyin mulkin Janairun 1966, Adamu Halilu ya mai da shi fim da harshen Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu Umar. Tsawonsa minti 142.

Daga nan fa sai fim ya yi ɓatan dabo. Shekaru suka shuɗe, ana jin sunansa ba a ganinsa, har aka ɗauka ya salwanta. Ashe yana nan kwance cikin gwangwanaye a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda babban ofishinta ke Jos, ba a gano shi ba sai a 2016. Wani mai shirya fim, Didi Cheeka, yana cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka kan ceto irin waɗannan tsofaffin fina-finai. Wata cibiya ta birnin Barlin da a ke kira Arsenal ta ɗauki aikin gyaransa, aka nuna shi sabo ful a bikin fina-finai na Barlin a watan Fabrairu na 2018.

Kada ku zaci gyaran ƙaramin aiki ne. Zaren fim ba ya shiri da zafi da laima. In ya daɗe a wuri mara sanyi sai ya soma ruɓewa, ya riƙa wari mai tsami, ya tattakure, launinsa ya koɗe, daga ƙarshe ya manne ko ya farfashe. In abin ya kai nan, ba sauran magani. Wanda aka cim masa da sauran rai kuwa, sai a share shi, a liƙe inda ya yage, a bi da shi ta cikin wata na'ura mai ɗaukar hoton kowane gida nasa ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin kwamfuta. Ga lissafi ga masu son lissafi: fim yana nuna hoto 24 cikin kowace daƙiƙa, watau 1,440 a minti guda. Ku ninka da 142, za ku sami hoto 204,480. Bayan wannan ga gyaran launi, ga tace murya. Guntun da mutum zai kalla cikin minti ɗaya yana kishingiɗe, ga irin gumin da ke bayansa.

To, sai abin da ke damuna. Masu yanko guntayen nan sau da yawa su kan yar da sunan wuri da shekara, su laƙa nasu. Wani ya sa wa hoton wani gari sunan Bauchi don a yi ta turawa. Wani ya sa kwamfuta ta shafa wa baƙi-da-fari launi, alhali launin nan cinta ne kawai, na'ura ba ta ga rigar ba. Yanzu ma har murya a kan ƙera, a sa wa mamaci maganar da bai taɓa yi ba. Malamin da ya kwashi irin wannan ya kai aji, ya dasa wa yara arba'in ƙarya a rana ɗaya, su kuwa za su riƙe ta don daga bakin malam ta fito.

Akwai 'yan dabaru da na kan yi amfani da su, ba su bukatar kome sai ido da sanin tarihi kaɗan. Na kan duba kusurwar hoton ko akwai tambarin kamfanin da ya ɗauka, in akwai sai in nemi cikakkensa a wurinsu, don su kan rubuta shekara da wuri. Na kan kuma duba abin da ke cikin hoton kansa. Motoci a Nijeriya hannun hagu su ke bi har watan Afrilu na 1972, saboda haka in ka ga suna bin dama, ba zamanin Turawa ba ne, kome tsufan hoton a ido. Naira da kobo ba su fito ba sai ran 1 ga Janairu 1973, kafin nan fam ne da sule. Jirgin ƙasa bai iso Bauchi ba sai farkon shekarun 1960. Jihar Bauchi kuwa a 1976 aka ƙirƙiro ta, duk allon da ke ɗauke da sunanta bai girmi wannan shekara ba.

Ga waɗanda za su fita gwajin koyarwa, ina ba da shawara su gwada haɗa abu uku cikin darasi ɗaya: takardar naira biyar mai hoton Malam Abubakar, da guntun jawabinsa daga waya bayan an tabbatar da shekararsa, da babi ɗaya na Shaihu Umar a karanta da ƙarfi. In makarantar cikin gari ta ke, kabarinsa ba nisa, a nemi izinin hedimasta a kai yara. Wanda kuma ya san akwai tsofaffin hotuna ko kaset a akwatin kakansa, ya ɗauke su da waya tun dattijon yana nan, ya tambaye shi sunayen mutanen da wurin da shekarar, ya rubuta a jikin hoton kafin ya tura wa kowa.